Bindigata ta yi mini nauyi a farautar tsuntsaye, ina zan rage mata?

"Malam, barka da aiki. Shekara ta biyu ke nan ina bin abokan aikina farautar tsuntsaye a dazukan arewacin jihar Minesota ta Amurka. Bindigata Remington 870 ce, geji 12, bututunta inci 28, na saye ta a hannu. Da safe lafiya lau, amma kafin azahar hannuwana sun mutu, har tsuntsu ya tashi ya ɓace ban gama ɗaga ta ba. Wani ya ce in yanke bututun, wani ya ce in rarake katakon gindin. Ba ni da kuɗin sabuwa yanzu. Me zan iya ragewa ba tare da na lalata ta ba?"

Ɗan'uwa, barka kadai. Idan na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa wuri guda: ina ne za a cire nauyi daga jikin 870 ba tare da an taɓa lafiyarta ba, sannan ko abin da za a cire ɗin zai kai ya hutar da hannunka. Ta farkon amsarta ba wuya. Ta biyun sai mun zauna mun yi lissafi, domin na ga mutane da dama sun zuba kuɗi da lokaci a wannan aiki, ƙarshe kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Na daɗe ina aikin katakon bindiga a shagon wani dattijo duk ƙarshen mako, kuma duk kaka ina shiga irin dajin da kake shiga. Abin da zan faɗa maka daga sikeli ya fito, da kuma kafaɗata.

Abin da ya sa take da nauyi

Tun 1950 ake ƙera 870 (geji 12 ɗin da ka ambata girman ramin bututunta ne), kuma uwarta, wato akwatin da injin yake ciki, daga dunƙulen ƙarfe ake sassaƙo ta. Wannan shi ne sirrin ƙarkonta, shi ne kuma damuwarka. Irin taka tana kaiwa laba 7 da rabi ko ƙasa kaɗan, kusan kilo 3.4. Ga mai harbin agwagwa wannan ba komai ba ne, domin a zaune yake cikin ɓuya, bindiga tana jingine, sai garke ya taho ya ɗauka. Kai kuwa tafiya kake yi wuni guda cikin sarƙaƙiyar ƙananan itatuwa, hannu ɗaya yana ture reshe, ɗayan yana riƙe da bindiga. Giraus kuma, tsuntsun nan mai kama da fakara da ake bi a dazukanku, ba ya ba da sanarwa. Duk wanda ya taɓa tayar da fakara a gona bayan girbi ya san wannan firr ɗin da ke sa gaba ya faɗi. To na giraus ya fi ƙara, kuma kafin ka ƙirga biyu ya sa itace tsakaninka da shi. Shi ya sa masu wannan farauta suka fi son bindigar da ke tsakanin kilo 2.7 da kilo 3.

Sai dai nauyin nan ba don mugunta aka zuba shi ba. Shi ne ke shanye shurin bindiga. Wani maƙerin Birmingham na ƙarni na 19, W. W. Greener, ya bar wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita: nauyin bindiga ya ninka nauyin dalmar da take harbawa sau 96. Ka yi lissafin da kanka. Harsashi mai dalma giram 28 yana son bindiga mai kilo 2.7. Mai giram 32 yana son kilo 3 da ɗoriya kaɗan. Mai giram 36, irin wanda ake harbin manyan tsuntsaye daga nesa da shi, yana son kilo 3.4 da ɗoriya kaɗan, wato kusan bindigar da ke hannunka. Ka ga ashe an ƙera ta ne don aikin da ya fi naka nauyi.

Wannan yana nufin duk giram ɗin da ka cire, kafaɗarka ce za ta biya. Ƙarfin shuri yana ƙaruwa ne daidai da yadda nauyi ya ragu. Idan ka sauko da ita daga kilo 3.4 zuwa 2.9 kana harba harsashi iri ɗaya, shurin zai ƙaru da kusan kashi 17 cikin ɗari. Amma idan a lokaci guda ka bar harsashi mai giram 32 ka koma mai 28 da gudu iri ɗaya, sai ka tarar shurin ya ma yi ƙasa da na da. Giraus tsuntsu ne mara taurin rai, galibi kuma a tazarar mita 15 zuwa 25 ake harbinsa, giram 28 ya ishe shi har da saura. Don haka rage nauyin bindiga da rage nauyin harsashi tare suke tafiya.

Ka fara da abin da ba ya buƙatar huji

Kafin komai, ka cire harsashi, ka leƙa ciki da idonka, ka sa yatsa ka tabbatar. Sannan ka ɗauko sikelin kicin, ka kwance bindigar gida-gida, ka auna kowane yanki ka rubuta. Wanda ya sayi bindiga a hannu bai san abin da mai ita na farko ya cusa mata ba. Na taɓa buɗe gindin wata bindiga da mai ita ke kukan nauyi, sai ga sandar ƙarfe mai rage shuri an tura ta cikin ramin kusa, an naɗe ta da tsumma don kada ta yi ƙara. Da muka ɗora a sikeli ta haura giram 300. Minti biyar aikin ya ɗauka, ban ma karɓi kuɗinsa ba. Ka duba toshin da ke cikin bututun ajiyar harsashi shi ma. Na kamfani roba ne mara nauyi, amma masu harbin faranti, wato faifan yumɓu da ake cillawa sama a harba, sukan musanya shi da na ƙarfe da gangan. Haka robar gindi: tsofaffin masu kauri suna da farantin ƙarfe a ciki, kuma sababbi marasa nauyi sukan rage maka giram 50 zuwa 100, suna kuma shanye shuri fiye da tsohuwar da ta bushe ta zama kamar dutse.

Sai harsashin kansa. Guda ɗaya na geji 12 yana kai giram 40 ko fiye. Taka tana ɗaukar huɗu a ajiya da ɗaya a baki. A dajin giraus ban taɓa ganin wanda ya yi harbi na huɗu mai amfani ba, na uku ma yawanci haushi ne. Ka zuba uku kawai, ka ga giram 80 sun tafi, kuma daga gaba suka tafi, inda suka fi gajiyar da hannu. Dama idan wudkok, ɗan tsuntsun nan mai dogon baki, na cikin lissafinka, kuma a watan Oktoba daji ɗaya suke kwana da giraus, dokar tarayya ta tsuntsaye masu ƙaura ta wajabta a toshe ajiyar ta yadda bindigar ba za ta ɗauki fiye da uku ba. Toshin ya zauna, a dai tabbatar na roba ne ko na itace.

Rarake katakon gindi

Wanda ya ba ka wannan shawara bai yi ƙarya ba. Tsohon aiki ne, kamfanoni ma suna yi. Browning da za su fitar da Auto-5 mara nauyi, Sweet Sixteen da Light Twelve, sun rarake katakon, sun kuma huda ramuka uku a zoben da ke riƙe bututu. Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne itace ba shi da nauyin da ido ke zato. Katakon walnat yana da kusan giram 0.6 a kowane santimita murabba'in zurfi, wato ɗan dunƙule kamar kan ɗan yatsa. Rami mai faɗin santimita 2.5 da zurfin santimita 15 abin da zai fitar bai wuce giram 45 ba. Ka yi biyu, ka faɗaɗa ramin kusar da ke nan tun asali, ka samu giram 100 zuwa 130. Idan katakon naka irin na manne-manne ne, wanda aka haɗa falle-falle da gam, za ka samu fiye da haka domin ya fi nauyi.

Ana cire katakon daga uwar bindiga tukuna, a ɗaure shi a matsi da fata ko tsumma, a huda daga gindi a bi tsawonsa. A bar bango mai kaurin aƙalla milimita 6 ta kowane gefe, a kauce wa inda kusoshin roba ke kamawa, kuma kada a kusanci wuya, wato siririn wurin da hannun dama ke riƙewa. Nan ne katako ke karyewa ko ba a taɓa shi ba. Abin da ke yaudarar sabon hannu shi ne katakon yana sirancewa yayin da ake shiga ciki. Ni ma na sha wannan a kan tawa, a shekarar da na fara. Na auna faɗi a bakin gindi na ga wuri wadatacce, na ci gaba da turawa, sai kawai na ji sautin hujin ya canza, ya zama kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya. Da na ɗaga katakon na haska fitila a ramin, haske yana fitowa ta kuncinsa kamar ta takarda. Sai da na mayar da gam da garin katako na cike wurin, abin da na cire kusan rabinsa ya koma. Dattijon bai ce uffan ba, alli kawai ya miƙo mini, wai daga yau in riƙa zana siffar ramin a waje kafin in taɓa inji. Bayan an gama huji a shafe cikin ramin da man katako ko banish, domin ɗanyen itace yana shan damshi, kuma damshin kaka a Minesota ba wasa ba ne.

Katakon gaba ma akwai abin samu. Na wasu 870 ɗin yana da tsawo da kauri fiye da buƙata. A musanya shi da gajere siriri, ko a sassaƙe shi, giram 40 zuwa 70 za su fita. Kada ka ɗauka gindin roba dole ya fi na katako sauƙi. Wasu sun fi, wasu daidai suke, har na ga wanda ya fi nauyi. Ka tambayi nauyinsa a giram kafin ka biya.

Inda nauyin yake ya fi yawansa muhimmanci

Nan ne yawancin masu gyaran gida suke yin gyaran gangar auzinawa. Ka ɗauki tabarya ka riƙe ta a tsakiya, sannan ka riƙe ta a ƙarshe. Nauyinta bai canza ba, amma hannunka ya san bambanci. Bindiga ma haka take. Idan ka cire giram 150 daga gindi ka bar bututu mai inci 28 yadda yake, sikeli zai ce ta yi sauƙi, hannun hagunka kuma zai ce ƙarya ne, domin ma'aunin ya gudu gaba, bakin yana rinjaya ƙasa. Kuma hannun hagun nan yana cikin hannuwan da ka ce suna mutuwa kafin azahar.

Don haka kafin ka cire komai, ka kwantar da bindigar a kan sandar tsintsiya ko gefen hannunka, ka nemo inda take tsayawa daidai, ka manna ɗan tef a wurin. A bindiga mai baki biyu ana son wannan wuri ya faɗo kusa da ƙusar da take karyewa a kai. A irin taka yakan faɗo wajen gaban uwar bindiga. Duk abin da ka cire, ka sake gwadawa. Burinka shi ne tef ɗin ya zauna inda yake ko ya ɗan matso baya kaɗan, yatsa ɗaya ko biyu. Idan ya matso baya da yawa kuma wata matsalar ce: bakin ya zama kamar kara, yana saurin tashi, yana saurin tsayawa, sai ka riƙa harbin bayan tsuntsu. A kurmin giraus, inda harbin duk na ɗaga-ka-saki ne, wannan ba ya cutarwa sosai. Amma ranar da abokanka suka ja ka Dakota ta Kudu harbin fezan, tsuntsu mai dogon wutsiya, a fili, inda tsuntsu ke ratsawa a mita 35 kana bin sa da baki, za ka yi kewar nauyin da ka zubar.

Maganar yanke bututu

A'a, kada ka yanke. Ba don gajeren bututu aibu ne ba. Robert Churchill na Landan ya yi suna tun shekarun 1920 da bindigogi masu inci 25, kuma Remington da kansu sun fitar da 870 Special Field a 1984 mai inci 21 da miƙaƙƙen gindi irin na Ingila, musamman don masu farautar kurmi. Gudun dalma ma ba ya raguwa sosai, domin yawancin albarushin ya gama ci tun kafin a kai can gaba. Matsalar tana bakin bututun ne. A incin ƙarshe biyu ko uku ne aka matse ramin don ya tattara ƙwayoyin dalma, abin da ake kira cok. Idan taka tsohuwa ce mai matsin da aka ƙera a jiki, zarto zai tafi da shi gaba ɗaya. Idan ta bayan 1986 ce mai cok ɗin da ake murɗawa, zarto zai tafi da zaren murɗin. Sake yanka zare aikin maƙeri ne mai kayan aiki, sai kuma ya auna ya ga kaurin bango ya isa. Ga layin ƙarfen da ke doron bututu, wanda dole yankan ya faɗo daidai kan ɗaya daga cikin ƙafafunsa, ga ɗan ƙwallon saiti da za a sake dasawa. Kafin ka biya duk wannan ka kusa kuɗin wani bututun.

Kuma wannan shi ne alherin 870: bututunta a hannu ake kwancewa, kuma akwai miliyoyinta a ƙasar nan, don haka bututun hannu ba ya wuyar samu. A abin da na sha aunawa, kowane inci na bututun geji 12 mai layin doro yana kai giram 25 zuwa 35. Daga 28 zuwa 26 ribar kaɗan ce, giram 60 ko kusa. Ribar gaske tana wurin tsohon bututu mai inci 26 mara layin doro, irin na samfurin 870 Wingmaster na da, mai matsi a buɗe. Siriri ne, kuma yakan fi na zamani sauƙi da giram 150 ko fiye. Abu biyu za ka kiyaye. Yawancin waɗannan tsofaffin harsashi mai inci 2¾ kaɗai suke ci, an rubuta a jikinsu, kada a kuskura a sa musu mai inci 3. Sannan bututun Special Field ba ya hawa 870 ta gama-gari, domin zobensa ba wuri ɗaya yake ba. Ka ajiye mai inci 28 ɗinka don agwagwa da fezan, ka ga ka samu bindiga biyu a jiki ɗaya.

Akwai kuma doka, wadda ba ta san ban-sani-ba. A Amurka, a ƙarƙashin dokar makamai ta 1934 da gyare-gyaren da aka yi mata, bututun irin wannan bindiga ba ya yin ƙasa da inci 18, tsawonta gaba ɗaya kuma ba ya yin ƙasa da inci 26, sai da rajista ta musamman da aka yi tun kafin a taɓa ta. Saɓa wannan babban laifi ne da hukuncinsa kan kai shekara 10 a kurkuku. Shi ya sa kamfanoni suke tsayawa a 18 da rabi. A Birtaniya iyakar inci 24 ce ga mai takardar bindigar farauta. Mai karanta wannan daga Najeriya kuma ya sani dokar makamai ta 1959 ta sa mallaka da gyara duk sai da lasisi, ba aikin da ake kai wa mai walda ba ne.

Ƙarfen da ba a taɓawa

Za ka ji masu cewa a goge bututu ta waje a rage masa kauri, ko a faɗaɗa raminsa ta ciki, ko a sassaƙe uwar bindiga. Ni aikina katako ne, ƙarfe ba fannina ba ne, amma na tsaya kusa da mai yin sa tsawon lokacin da ya isa in ji tsoronsa. Harsashin geji 12 yana iya tayar da matsin da ya kai laba 11,500 a kan kowane inci murabba'i, kuma wannan yana faruwa ne tazarar taƙi ɗaya daga idonka, hannun hagunka yana rungume da wurin. A Ingila akwai gidajen gwajin bindiga, na Landan tun 1637, na Birmingham tun 1813, kuma bindigar da aka rage wa ƙarfe fiye da ƙa'ida sai an mayar an sake gwada ta kafin a halatta sayar da ita. Amurka ba ta da irin wannan gida na hukuma, don haka babu mai tare ka, babu kuma mai tabbatar maka. Abin takaicin ma shi ne ribar ba ta taka kara ta karya ba: faɗaɗa rami ɗan giram kaɗan yake fitarwa. Garin neman gira kada a rasa ido. Kamfanonin da suka so rage nauyin ƙarfe tun daga zane suka canza shi. Franchi 48 AL da Mossberg 500 uwarsu alminiyom ce, domin an tsara su ta yadda makullin zai kama ƙarfen bututu kai tsaye. Winchester ma a samfurin 59 sun yi siririn bututun ƙarfe suka naɗe shi da zaren gilas mai tsawon mil 500. Wannan aikin injiniyoyi ne da ɗakin gwaji, ba na gareji ba.

To nawa za ka samu gaba ɗaya? Ban riƙe bindigarka ba, kuma katako biyu daga itace ɗaya ma ba sa zuwa nauyi ɗaya, amma ga abin da na saba gani: roba giram 70, raraka giram 110, katakon gaba giram 50, tsohon bututu giram 150, harsashi biyu giram 80. Jimla giram 460, 280 daga gaba, 180 daga baya, ma'auni bai gudu gaba ba. Bindigarka za ta sauko wajen kilo 3. A nan za ta tsaya, domin abin da ya rage uwar ƙarfe ce. Idan ranka yana kan kilo 2.6 ne, ka daina kashe wa wannan kuɗi, ka fara tari. Tsohuwar Ithaca 37 ko Franchi 48 AL a geji 20 sukan fito a kasuwar hannu da farashi mai sauƙi. In ka kai ga haka, ka raba aljihun harsashi da kyau: na geji 20, waɗanda ake yi rawaya don a gane su, suna iya zurmawa cikin bututun 12 su maƙale, a ɗora na 12 a bayansu, bututu ya tarwatse.

Abu na ƙarshe, ka auna rigar farautarka kamar yadda ka auna bindigar. Kwalin harsashi 25 ya haura kilo ɗaya, kuma a wunin giraus mai albarka da wuya ka harba takwas. Ka ɗauki goma, sauran su jira a mota. Ka sa wa bindigar maratayi mara nauyi mai saurin cirewa. Maharban Turai sun daɗe suna amfani da shi, na nan ne suke ganin kamar abin kunya ne. Idan kuna tafiya a hanya tsakanin kurmi da kurmi, ka cire harsashi ka rataya ta, hannu ya huta minti goma. Da ka zo bakin kurmi ka cire maratayin ka sa a aljihu don kada reshe ya kama shi. Kuma bayan kowane gyara, kafin ka shiga daji, ka je filin harbin faranti ka harba kwali ɗaya da harsashin da za ka yi farauta da shi, sanye da rigar da za ka sa ranar. Sabuwar roba takan canza tsawon gindi da santimita ɗaya ko fiye, kuma gara ka gano haka a kan faranti.